Buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa za su iya cire fuloraid daga ruwan masana'anta?

Tambaya: Malam, ina aiki a wata masana'anta inda muke wanke bututun ƙarfen nan da ba ya tsatsa da asid kafin a kai shi kasuwa. Da aka auna ruwan da muke zubarwa, an samu fuloraid, sinadarin nan mai lalata haƙori da ƙashi idan ya yi yawa, ya kai miligiram 500 a kowace lita, kuma mukan zubar da kusan lita 100,000 a rana. Na karanta cewa a Indiya ana cire shi da buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da 'ya'yan zogale, har akan cire kashi 90 cikin 100. Mu da waɗannan abubuwa suke jibge a banza, me zai hana mu cika ganguna da su mu huta da sayen sinadarai?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, sai dai rabin labarin aka ba ka. Idan ka cika ganga da ɗanyen buntu ka sako wannan ruwan naku a kai, cikin ɗan lokaci fuloraid zai riƙa wucewa kamar babu komai a gabansa, bayan 'yan kwanaki kuma gangar ta fara wari. Kayan tsiro suna da gurbi a wannan aiki, amma gurbinsu a ƙarshen layi yake, bayan farar ƙasa ta ɗauke babban kayan, kuma sai an mayar da su gawayi an ɗora musu wani ƙarfe a jiki.

Mu fara da lissafi, domin shi ne ke raba gardama. Lita 100,000 sau miligiram 500 ya ba mu kilo 50 na fuloraid a kowace rana. Ɗanyen buntu ko ɓawon gyaɗa da aka wanke aka niƙa kawai, idan ya yi ƙoƙari, giram ɗaya nasa ya riƙe miligiram ɗaya na fuloraid, sau da yawa ma bai kai haka ba. Wato kilo ɗaya na buntu ya kama giram ɗaya. Kafin ka kame kilo 50 kana bukatar tan 50 na buntu, yau, gobe ma haka, jibi ma haka. Buntu kuma ba nauyi gare shi ba, ƙato ne a ido, don haka tan 50 lodin manyan motoci ne da dama. Ko kyauta mai injin shinkafa ya ba ka, kuɗin dako da na lebura ya ninka kuɗin sinadarin da kake gudu. Bayan nan ga tan 50 na jiƙaƙƙen buntu mai guba da za ka nemar wa makwanci kullum.

To, ina aka samo kashi 90 ɗin? Yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje a ɗakin bincike ake yinsu, da tataccen ruwa wanda aka zuba wa gishirin fuloraid kaɗan, kamar miligiram 5 ko 10 a lita, domin ruwan rijiya ake kwaikwayo, ba ruwan masana'anta ba. Sai a zuba garin buntu giram 10 a lita guda, a bar inji yana girgizawa na awanni. Idan an fara da miligiram 5 aka cire kashi 90, miligiram 4.5 ke nan aka cire da giram 10, wato kowane giram bai kama ko rabin miligiram ba. Kashi 90 gaskiya ne, amma na ƙaramin abu ne. Shi ya sa duk takardar binciken da aka miƙo mini, ba na tsayawa kan kashi nawa aka cire. Abin da nake nema shi ne miligiram nawa kowane giram ya riƙe, kuma ruwan da ya rage nawa ne a cikinsa a lokacin. Ko wannan adadin ma akwai tarko a ciki. Babban adadin da masu bincike suke so su buga, wanda ake fitarwa da wani lissafi da ake kira Langmuir, ana samunsa ne lokacin da ruwan yake cike maƙil da fuloraid. Kai kuwa so kake ruwanka ya sauko zuwa miligiram ɗaya ko biyu, kuma a wannan mataki garin ba ya riƙe ko kusa da abin da aka rubuta.

Dalilin raunin ɗanyen tsiro yana cikin halittarsa. Abin da ake nema a wannan aiki ba tsotsewa ba ce irin ta soso. Mannewa ce, kamar yadda ƙarangiya ke maƙalewa a ƙafar wando: ƙwayar fuloraid ta zo wucewa ta samu wurin kamawa a jikin garin ta tsaya. Ita ƙwayar fuloraid cajinta na lantarki negatif ne. Jikin buntu da kara da ɓawo, a ruwan da ba tsami ba kanwa, shi ma mafi yawansa negatif ne. Ka san abin da ke faruwa idan ka haɗa mayen ƙarfe biyu ta fuska iri ɗaya, ture juna suke yi. Wannan ne ya sa kayan gona suke yin abin kirki wajen kama dalma da nikel da wasu rinin tufafi, masu cajin fozitif, amma su yi sanyi a gaban fuloraid. Abin dariyar shi ne, a ruwan masana'antarku, inda asid yake narko nikel da kuromiyam daga jikin bututu, buntu zai fi kama waɗannan ƙarafa a kan fuloraid ɗin da ka kawo shi dominsa. Buntun shinkafa ma yana da ƙarin matsala: kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, tokar kuma kusan duk silika ce, irin sinadarin yashi da gilashi, wanda shi ma negatif ne a irin wannan ruwa.

Za ka ga masu bincike da yawa sun rubuta cewa garinsu ya fi aiki a pH 2 ko 3, wato a ruwa mai tsananin tsami (pH ma'auni ne: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da shi tsami, sama da shi kanwa). Haka ne, domin tsami yana juya cajin jikin garin ya koma fozitif. Amma daga pH 3.2 zuwa ƙasa, yawancin fuloraid ɗin ya riga ya koma asid ɗin haidurofulorik, wanda ba shi da caji, yana cin gilashi da silika, yana kuma tashi a iska. Idan ka haura sama da 8 kuma, ƙwayar haidurokzayid, wadda ke sa ruwa ya yi kanwa, ta yi yawa a ruwan, ita kuwa girmanta da cajinta kusan ɗaya ne da na fuloraid, sai ta riga shi zama a kujerun. Tsakanin 5.5 da 7 ne filin wasan, kuma ɗanyen tsiro a nan rauni gare shi.

Abin da fuloraid yake so an san shi tun da daɗewa: kalsiyam, alminiyam, baƙin ƙarfe, magniziyam, da wasu ƙarafa masu tsada irin su lantanam da zirkoniyam. Son da yake yi wa kalsiyam ne ya sa yake zama a haƙori da ƙashi. Likitan nan na Denmak, Kaj Roholm, ya wallafa bincikensa a 1937 kan ma'aikatan da ke sarrafa dutsen kirayolait mai ɗauke da fuloraid a Kopenhagen, inda ya nuna yadda ƙasusuwansu suka yi kauri, gaɓoɓinsu suka sandare. Mu ma ba sai mun je Turai ba. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku, kuma ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu, wasu da yawa kuma haƙoransu suka rine. A Langtang ta Filato da Kaltungo ta Gwambe an san rinannen haƙori daga ruwan ƙasa. Waɗannan duk daga dutse fuloraid ɗin ya fito, ba daga masana'anta ba, amma ka lura da adadin: ma'aunin ruwan sha miligiram 1.5 ne a lita, abin da ya nakasa yaran Tibiri bai kai 10 ba, naku kuma 500 ne. Fuloraid ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, tafasa ruwa ma ƙara masa ƙarfi take yi domin ruwan ne ke tafiya ya bar shi. Duk abin da kuka zuba a kwata yana nan, sai dai ya sauya wuri.

Saboda haka matakin farko a duk masana'antar da ta san abin da take yi, ko ta narkar da alminiyam ce, ko ta takin fosfet, ko ta gilashi, ko masu ƙera farantan sola, shi ne farar ƙasa, wato wadda aka ƙona aka shayar da ruwa, wadda 'yan masana'anta ke kira laim. Kalsiyam ɗin cikinta yana haɗuwa da fuloraid su zama farin laka mai kwantawa a ƙasan tanki. A lissafin takarda, kilo ɗaya na fuloraid yana cin kusan kilo biyu na laim, don haka kilo 50 naku zai ci wajen kilo 100. A aikace za ku zuba fiye da haka sosai, saboda laim ɗin ne kuma zai kashe tsamin asid ɗin ya kwantar da nikel da kuromiyam da baƙin ƙarfen da ke ruwan. Ko ya ninka sau uku, ka gwada buhu shida da tan 50. Kafin ma a kai nan, ka raba ruwanka gida biyu. Tsohon asid na kwamin wanki, wanda ake zubarwa jefi-jefi, kada ya haɗu da ruwan ɗauraya. A tara shi daban a yi masa magani daban. Ruwan ɗauraya kuma a riƙa amfani da shi baya da baya, na kwamin ƙarshe ya koma na tsakiya, na tsakiya ya koma na farko. Wannan kaɗai yakan rage yawan ruwan da za a tace ƙwarai, kuma ba ya cin komai sai 'yan bututu.

Inda laim yake tsayawa shi ne inda zancenka ya fara samun ƙafa. Farin lakan nan ba ya kwantawa duka, wani abu kaɗan yana narkewa. A ka'ida yakan bar wajen miligiram 8 na fuloraid a lita, a aikace kuma an fi ganin 10 zuwa 20. Ko hakan ya isa ko bai isa ba, ya danganta da inda ruwan zai je da kuma dokar ƙasa. A Indiya, inda ake yawan yin wannan bincike na kayan tsiro, dokar muhalli ta 1986 ta yarda da miligiram 15 idan bututun najasa na gari ruwan zai shiga, amma 2 kacal idan kogi ko tafki za a sake shi. Ƙa'idar Sin ta 1996 ta sa 10 a matakinta na farko. A Najeriya hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA ce ke da wannan hurumi, sai ka nemi adadin da ta gindaya wa irin masana'antarku ka riƙe shi a rubuce. Ni dai idan akwai rijiyoyin mutane ko masu noman rani a ƙasan kwatarku, 2 nake ba da shawarar a nufa, ko doka ta sassauta. Daga 15 zuwa 2 ɗin nan, nan ne aikin garin tacewa.

Yadda ake shirya shi kuwa, da farko a mayar da kayan gawayi, a ƙona su a rufe ba tare da iska ta shiga sosai ba, a zafin digiri 400 zuwa 600. Abin da zai fito wajen kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin busasshen kayan. Ƙunar tana yin abu biyu: tana kore abubuwan da ke ruɓewa su rina ruwa, tana kuma buɗe ƙananan ramuka birjik a jikin gawayin. Daga nan a wanke shi sosai. Kada ka raina wannan wankin. Duk matar da ta taɓa tace ruwan toka ta san toka kanwa ce, kuma gawayin da ba a wanke ba zai ɗaga pH na ruwanka zuwa 9 ko 10, inda fuloraid ba ya kamuwa. Sai a jiƙa gawayin a ruwan alif, wannan dai alif ɗin da ake kwantar da ruwa da shi, wanda gishirin alminiyam ne, a bar shi ya sha har cikin ramukan. Sannan a riƙa ɗiga ruwan sodar sabulu a hankali ana motsawa har tsamin ya mutu, pH ya zo wajen 7. A nan alminiyam ɗin zai fita daga ruwa ya lulluɓe bangon ramukan da wani farin kunu. A busar da zafi sassauƙa, a sake wankewa, a tankaɗe a fitar da ƙura. Ana yin irin wannan da gishirin baƙin ƙarfe, ko a gauraya su biyun, wasu kuma kan jiƙa kayan a gishirin magniziyam ko kalsiyam tun kafin a ƙona.

Idan ka lura da kyau, a wannan gari ba tsiron ne ke kama fuloraid ba. Alminiyam ne. Gawayin jaki ne kawai da ya ɗauko shi, ya shimfiɗa shi a fili mai faɗi yadda ruwa zai taɓa ko'ina, ya kuma hana shi bin ruwa ya tafi. Da ka gane wannan, gardamar wane tsiro ya fi wani za ta ragu a idonka. Na ga takardu a kan ɓawon tsamiya, ganyen darbejiya, tuƙar rake, totuwar masara, dusar katako, saiwar jema, ɓawon ayaba, kowa yana cewa nasa ne gwani. Ni abin da nake dubawa shi ne tauri da samuwa. Gawayin da zai zauna a ganga ruwa yana bi ta kansa dare da rana sai mai ƙarfi, wanda ba zai marmashe ya toshe hanya ba. Ta wannan fuska ƙoƙon kwakwa da ƙwallon kwakwar manja su ne a gaba, kuma da su ake yin gawayin tacewa na kasuwa. Ƙwallon goriba ma yana da irin wannan taurin. Totuwa da ɓawon gyaɗa suna tsaka-tsaki. Ganye da kara da tuƙa laushi gare su, sai dai a dunƙule garinsu da wani abin ɗauri. Sannan kada ka manta abin da kake kira banza yana da masu shi: masu kiwon kaji suna sayen buntu, masu dabbobi suna neman ɓawon gyaɗa, kuma ranar da ka fara saye da yawa farashi zai motsa.

Zogale labarinsa daban ne. 'Ya'yansa suna da wani furotin mai cajin fozitif wanda ke tattara laka ya kwantar da ita, kuma matan karkara a Sudan sun daɗe suna tsarkake ruwan Nilu da shi kafin masu bincike su rubuta. Wajen gurɓataccen ruwa mai duhu gwani ne. Fuloraid kuwa narkakke ne, ba laka ba, ruwa zai iya yin garau kamar hawaye alhali yana cike da shi. Zogale yakan rage kaɗan, amma yana barin abin da ƙwayoyin cuta ke ci a ruwan, ga shi da tsada tunda abin sayarwa ne. Ba zan kai shi masana'anta ba. Tuƙar ganyen shayi ma ana yawan ambatonta, sai dai itacen shayi yana cikin tsirran da ke tara fuloraid a ganyensu, har ana samun cutar ƙashi da haƙori ta fuloraid a Tibet wajen masu shan shayin da ake yi da tsofaffin ganye. Wanda zai gwada ta sai ya fara auna abin da ita kanta take saki.

Mu koma ga lissafin da sabon gari. Mu ƙaddara laim ya sauko da ruwanku zuwa 15, kana son 2. Miligiram 13 sau lita 100,000 ya ba da kilo 1.3 a rana. Mu ƙaddara kuma gawayinka mai alminiyam yana riƙe miligiram 5 a giram a cikin ruwanku na gaske, wanda idan ka samu haka ka gode wa Allah. Kilo 260 ke nan a rana, daga busasshen kaya wajen kilo 800. Ya fi tan 50 nesa ba kusa ba, amma har yanzu aiki ne ja. Shi ya sa nake sa wani mataki a tsakani: bayan laim, a sauko da pH zuwa wajen 6.5 ko 7, a zuba alif kai tsaye a tanki, a motsa, a bari ya kwanta. Wannan ita ce dabarar da cibiyar binciken muhalli ta NEERI da ke Nagpur ta tsara wa ƙauyukan Indiya a shekarun 1970, aka sa mata sunan gundumar Nalgonda, kuma masana'antu suna yin irinta. Idan alif ya kai ruwan 5, abin da ya rage wa gawayi miligiram 3 ne, giram 300 a rana, gawayi kilo 60. Yanzu ka zo inda mutum biyu za su iya riƙe aikin. Ruwanku yana gudu wajen lita 4,200 a awa. Idan kana son ya yi minti 20 a cikin gawayi, kana bukatar shimfiɗa mai cin lita 1,400, kamar ganga bakwai, mai nauyin kusan kilo 500. A kilo 60 kullum za ta yi mako guda da 'yan kai kafin ta ƙoshi. Ba tare da alif ba kuwa, kwana biyu. A jera su kashi biyu, ruwa ya bi ta na farko ya shiga na biyu. Idan na farko ya ƙoshi a sauya shi, na biyu ya dawo gaba.

Akwai masu cin kujerar fuloraid da ya kamata ka sani. Babbansu fosfet ne, domin shi ma alminiyam da baƙin ƙarfe yake so, kuma ya fi kamawa da ƙarfi. Wannan ne ya sa ruwan masana'antar taki yake da wahala ƙwarai. Bayansa sai bayikabonet, wanda ke zuwa da ruwan rijiya yana ɗaga pH. Salfet yana taɓawa kaɗan, kuloraid da naitiret kusan ba ruwansu. Ku naitiret ne ya yi muku yawa saboda asid ɗin naitirik da ake haɗawa da na haidurofulorik a wankin irin ƙarfenku. Ba zai hana kama fuloraid ba, amma laim da alif da gawayi duk ba sa cire shi, matsala ce mai zaman kanta. Masu aikin shafa wa ƙarfe launi da lantarki kuma wani lokaci fuloraid ɗinsu a ɗaure yake da boron, laim ba ya ganinsa sam sai an fara kwance shi.

Awo shi ne inda na fi ganin mutane suna yaudarar kansu. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya zo da murna wai garinsa ya cire kusan komai. Da muka bi sawu, a kwalaben gilashi ya ajiye ruwa mai tsami na kwanaki, sannan ya auna da hanyar launi, wadda fuloraid ke kashe jan wani rini a gane yawansa daga yadda jan ya kwashe. Garin nasa ɗanye ne, ya rina ruwan ya yi ja-ja, na'ura ta ɗauka rinin ne bai kwashe ba, ta ce babu fuloraid. Da muka maimaita da sandar awo ta lantarki, abin da ya cire bai taka kara ya karya ba. Tun daga ranar nake cewa a ɗebi ruwa a robar da aka wanke, a auna da sandar lantarki, a kuma zuba ruwan nan da ake kira TISAB kafin awo. A ruwanku wannan dole ne, saboda baƙin ƙarfe da alminiyam suna rungume fuloraid su ɓoye shi daga sandar, TISAB ne ke sa su sake shi. Ka riƙa auna alminiyam a ruwan da ya fito ma. Idan pH ya faɗi ƙasa da 5 ko ya haura 8.5, kunun da ka ɗora wa gawayin zai fara narkewa ya bi ruwa, an gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Sai abin da takardun bincike suka fi tsallakewa: ina za a kai gawayin da ya ƙoshi? Kada a ba kowa ya yi girki ko ya gasa masara da shi, kada a jefa shi a tukunyar injin tururi, domin wuta za ta saki fuloraid ɗin a hayaƙi. Tubalin da ake gasawa ma haka. Kada a watsa shi a gona da sunan taki, kada a zubar inda shanu ke kiwo. Dabbobi suna kamuwa da cutar kamar mutane, haƙoransu su zube su kasa ci, a Maroko har suna gare ta, darmus, a yankunan da ake haƙar fosfet. Gawayin naku ma zai ɗauko ɓurɓushin nikel da kuromiyam. Ana iya wanke shi da ruwan sodar sabulu marar ƙarfi ya saki fuloraid ɗin, a mayar da wannan ruwan tankin laim, a ɗauraye gawayin da ɗan tsami a sake amfani da shi. Sai dai soda tana narkar da alminiyam ɗin ma, don haka kowane zagaye ƙarfinsa raguwa yake yi, bayan 'yan zagaye sai an sake ɗora masa. Wanda ya gama aiki, shi da lakan laim, a matse ruwansu a binne a rami mai shimfiɗar da ba ta yoyo, nesa da rijiya, ko a daskarar da su cikin siminti bayan an gwada an ga ba sa saki.

Kafin ka kashe kuɗi, ka gwada garinka da abokan takararsa biyu. Na farko alumina da aka kunna, wato tsakuwar sinadarin alminiyam mai ƙananan ramuka, wanda masana'antu ke saye tun tuni, mai tauri, ana wanke shi a maimaita sau da yawa, amma daga waje yake zuwa. Na biyu gawayin ƙashi. Ba tsiro ba ne, na sani, amma ƙashi da kalsiyam da fosfet aka gina shi, kuma yadda yake kama fuloraid a jikin mutum haka yake kama shi a ganga, ba sai an ɗora masa komai ba. A Nakuru ta Kenya da yankin Oromiya na Habasha an yi shekaru ana tace ruwan sha da shi. Garin da ke da babbar mahauta, sau da yawa gawayin ƙashi ya fi na tsiro sauƙin shiri, kuma ƙyanƙyamin da wasu ke yi masa a ruwan sha bai shafi ruwan da za a zubar ba.

Gwajin ba wuya gare shi ba. Ka samu bututun roba uku masu faɗin inci biyu, tsawon mita ɗaya, ka cika ɗaya da gawayinka mai alminiyam, ɗaya da gawayin ƙashi, ɗaya da alumina, ka auna nauyin abin da ka zuba a kowanne. Ka bi da ruwanku na gaske, wanda ya riga ya wuce laim da alif, daga ƙasa zuwa sama a hankali. Kullum ka auna fuloraid da pH, ka rubuta lita nawa suka wuce kafin ya haura 2. Raba kuɗin da ka kashe a kan kowanne, har da itace da alif da soda da lada, da yawan litar da ya tace, shi ne adadin da za ka kai wa mai masana'anta. Duk wanda zai taɓa ruwan kwamin wanki kuma ya sa safar roba mai kauri da tabarau, a ajiye man shafawa na kalsiyam gulukonet a kusa. Asid ɗin haidurofulorik marar ƙarfi ba ya zafi nan take; yana ratsa fata ya shiga ciki, sai bayan awanni ciwon ya taso, don haka wanda ya zubar masa ko da kaɗan ne ya wanke da ruwa mai yawa, ya shafa man, ya tafi asibiti ko bai ji komai ba.